Ƙananan Halittu da Ginin Jikin Bakteriya: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Fara Karatu

Duk lokacin da aka shiga sabuwar shekarar karatu, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga ƙannenmu masu koyon jinya, ungozoma da aikin labo a Garwa, Marwa da Ngaundere, har da waɗanda ke tsallake gadar Kuseri zuwa Njamena. Da Faransanci ake ba da darasin, kuma sau da yawa ɗalibi yakan haddace kalmomin ya juye su a takardar jarrabawa ba tare da hoton abin ya zauna masa a ka ba. Shi ya sa na tara tambayoyin nan na amsa su da harshen gida. Na sa musu lamba don in riƙa tura ku daga wannan zuwa waccan.

1. Me ake nufi da ƙananan halittu? Duk ƙwayoyin cuta ne?

Ƙananan halittu su ne rayayyun abubuwan da ido ba ya iya gani sai da madubin labo, wato mikroskof. Su ne waɗanda muka saba kira mikrob. Kuskuren farko da kusan kowa ke zuwa da shi shi ne ɗauka cewa mikrob da cuta abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Masu sa cuta 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikinsu.

Kindirmon da ake dama fura da shi aikin bakteriya ne: suna cin sukarin da ke cikin madara su mayar da shi tsami, madarar ta yi kauri. Daddawa ma haka, bakteriyar da ake kira Bacillus subtilis ce ke ruɓar da kalwa har ta ba da ƙanshin nan da miya ba ta yi sai da shi. Yisti ne ke kumbura burodi da fanke. A cikin hanjin kowane ɗayanmu akwai bakteriya masu taimaka wa narkar da abinci, kuma yawan bakteriyar da ke jikin mutum ya yi kusan daidai da yawan ƙwayoyin halittar jikinsa.

2. Ƙanƙantarsu ta kai yaya?

Ɗauki abin awo na makaranta, ka dubi milimita ɗaya. Ka raba ta gida 1,000, kowane kashi shi ne mikromita ɗaya. Bakteriyar hanji da ake kira Escherichia coli tsawonta kusan mikromita 2 ne, ke nan sai an jera guda 500 kai da ƙafa kafin su cika milimita ɗaya. Jar ƙwayar jini faɗinta mikromita 7 zuwa 8. Bairos kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, yawancinsu tsakanin nanomita 20 da 300 suke, nanomita kuma kashi ɗaya ne cikin 1,000 na mikromita. Mikroskof ɗin labonmu, ko an ɗiga masa mai an kai shi ninki 1,000, bakteriya zai nuna, ba zai nuna bairos ba. Wannan sai mikroskof mai aiki da ilektron, wanda aka ƙirƙiro a Jamus a farkon shekarun 1930.

3. Wa ya fara ganinsu?

Wani ɗan kasuwar yadi ne a garin Delf na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke goge gilasai da hannunsa. A 1676 ya ba da labarin ƙananan abubuwa masu motsi da ya gani cikin ruwa. Kafin shi, a 1665, Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace ya ga ƙananan ɗakuna jere, daga nan sunan ƙwayar halitta ya samo asali a harsunan Turai. An yi kusan shekara 200 kafin a tabbatar cewa wasu daga cikin halittun nan ne ke kawo cuta. Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus su ne ginshiƙan wannan aiki. Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Sunan Pasteur kuwa ba baƙo ba ne a gare mu, tunda Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana da reshe a Garwa.

4. Mene ne bambancin furokariyot da yukariyot?

Wannan ita ce tambayar da idan ka riƙe amsarta, rabin darasin ya zo maka da sauƙi. Kowane mai rai da ƙwayar halitta aka gina shi, ko guda ɗaya ko masu yawa. Kuma kowace ƙwaya tana da abubuwa huɗu: tantanin da ya kewaye ta, ruwa mai kauri a ciki, kundin gado wato DNA, wanda a ajinku ake rubutawa ADN, da raibosom masu ƙera furotin.

Bambancin yana wajen tsarin gida. Yukariyot kamar babban gida ne mai sassa: akwai turakar maigida inda aka kulle kundin gado, ita ce nukiliyas, akwai madafa inda ake samar da ƙarfi, ita ce maitokondiriya, akwai rumbu da wurin ɗaure kaya, kowanne da bangonsa. Furokariyot kuwa shagon gwauro ne, ɗaki ɗaya tal: tabarma, tukunya da akwati duk wuri guda. Tana da DNA, amma ba a kewaye shi da tantani ba. Bakteriya da arkiya su ne furokariyot. Mutum, dabba, tsiro, fumfuna da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro duk yukariyot ne.

Amfanin sanin wannan ya wuce jarrabawa. Tunda ginin bakteriya ya bambanta da namu, ana iya samun maganin da zai rushe nata ya bar namu. Duba tambaya ta 8 da ta 13.

5. Rukuni nawa ne ƙananan halittu suka kasu?

A darasin farko akan kawo shida. Bakteriya, su ne mafi yawan abin da za mu tattauna a nan. Sai arkiya, waɗanda a ido suke kama da bakteriya, har sai 1977 da Carl Woese na Amurka ya nuna cewa reshe ne mai zaman kansa. Wasunsu na zaune cikin tumbin shanu suna fitar da iskar mitan, wasu a ruwan gishiri ko ruwan zafi, kuma ba a san su da kawo wata cuta ba.

Sai dangin fumfuna, wato fungas: yisti, fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe, da masu sa makero a kan yara. Akwai wata mai suna Aspergillus flavus da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, tana fitar da guba mai lahanta hanta. Sai furotozuwa, masu ƙwaya ɗaya amma yukariyot, irin su Plasmodium mai sa zazzaɓin cizon sauro, wadda likita Alphonse Laveran ya fara gani cikin jinin majinyaci a Aljeriya a 1880. Sai ƙananan gansakukan ruwa. Na shida shi ne bairos, wanda ke da tasa tambayar.

6. Bairos mai rai ne? Me ya sa antibiyotik ba ya kashe shi?

Bairos, ko birus kamar yadda masu karatun Faransanci ke faɗa, ba ƙwayar halitta ba ne. Ɗan guntun kundin gado ne, DNA ko RNA, a naɗe cikin rigar furotin, wani lokaci da mayafin kitse a sama. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba shi da raibosom. Sai ya shiga ƙwayar wani ya ƙwace kayan aikinta kafin ya hayayyafa. Ko a kira shi mai rai ko a'a, malamai na ta muhawara. Ni a ganina muhawarar ba za ta ƙare ba, kuma ba ta hana aiki.

Abin da ya shafe ku shi ne: antibiyotik yawanci bangon bakteriya yake rushewa ko raibosom ɗinta yake toshewa, bairos kuwa ba shi da ko ɗaya. Mura, ƙyanda, shan inna da ciwon hanta nau'in B duk aikin bairos ne. Wanda ya sayi amoksisilin a tebur saboda mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma jawo abin da ke tambaya ta 13.

7. Me ya sa ake damuwa da siffar bakteriya?

Domin ita ce abu na farko da ido ke kamawa a madubi. Akwai masu siffar ƙwallo, kokus. Akwai masu siffar sanda, basil. Akwai lanƙwasassu kamar waƙafi, irin ƙwayar kwalara. Akwai murɗaɗɗu kamar igiya, irin ta tunjere. Yadda suke zama ma yana magana. Masu jeruwa kamar carbi su ne Streptococcus, masu taruwa cunkus kamar nonon inabi su ne Staphylococcus, masu zama bibbiyu kamar ƙwayar kofi kuwa, idan a ruwan ƙashin baya aka gan su lokacin hunturu, sanƙarau ake fara tunani.

8. Mene ne aikin bangon bakteriya, kuma da me ya bambanta da tantani?

Ɗalibai na yawan cakuɗa waɗannan biyu. Tantani shi ne na ciki, siriri, an yi shi da kitse da furotin. Shi ne mai gadin zaure, yana zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita, kuma tunda bakteriya ba ta da maitokondiriya, a jikin tantanin nan take samar da ƙarfinta. Bango shi ne na waje, mai tauri, an saƙa shi da wani abu mai suna feftidogilaikan: zaren sukari dogaye da aka ɗinke da guntayen furotin, kamar saƙar raga.

Cikin bakteriya ya fi wajenta yawan narkakkun abubuwa, saboda haka kullum ruwa na turowa ciki. Ba don bango ba da ta kumbura ta fashe kamar salkar da aka cika fiye da kima. A nan fenisilin ke aiki. Yana hana ɗinkin ragar lokacin da bakteriya ke gina sabon bango, sai ta fashe da kanta. Ƙwayoyin jikinmu ba su da wannan bango ko kaɗan, shi ya sa maganin ba ya rushe su. Alexander Fleming ne ya lura da fenisilin a Landan a 1928, lokacin da fumfuna ta faɗa cikin farantin da yake renon bakteriya ta kashe na kewaye da ita.

9. Me ake nufi da Giram mai kamawa da Giram marar kamawa?

Rini ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a marina zai gane shi. Wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884. Ana shafa samfur a gilashi a busar, a zuba rini mai launin shunayya, a bi shi da ruwan aidin don ya kama, a wanke da alkol na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a zuba jan rini. Bakteriya mai kaurin bango tana riƙe shunayyar, wankin bai fitar da ita ba: ita ce mai kamawa, fozitif. Mai siririn bango tana sakin rinin farko ta ɗauki ja: ita ce marar kamawa, negatif.

Kada sirantar bangon ta ruɗe ku ku ɗauka marar kamawa ta fi rauni. Tana da ƙarin tantani na biyu a waje da bangon, wanda ke tare wasu magunguna, kuma a jikinsa akwai wani sinadari mai suna LPS. Idan ya bazu cikin jini yakan kawo zazzaɓi mai zafi da saukar matsin jini. Ƙwayoyin taifot, kwalara da sanƙarau duk a wannan rukuni suke.

Wata 'yar shawara daga teburin aiki: mafi yawan kuskuren sababbin hannu a wajen alkol yake. Ka daɗe kana wankewa, komai ya koma ja. Ka yi gaggawa, komai ya zauna shunayya. Na taɓa ganin ɗaliba ta rubuta sakamako da ƙwarin gwiwa alhali shafin da ta yi ne ya yi kauri har alkol bai ratsa ba. Ki shafa siriri, ƙanwata, ki kuma gwada da ƙwayar da kika riga kika sani a gefe.

10. To me ya sa ba a neman tarin fuka da rinin Giram?

Saboda bangon Mycobacterium tuberculosis cike yake da wani kitse mai kama da kakin zuma, rinin Giram ba ya shigarsa da kyau. Sai a yi amfani da rinin Zil-Nelsen: a tura jan rini ciki da zafi, a wanke da asid da alkol, ita kuma ta ƙi saki. Shi ya sa a takardar gwajin majina kuke ganin an rubuta BAAR, wato taƙaitawar Faransanci ta basil mai jure asid da alkol. Kakin nan ne kuma ke sa ta jure wahala, ga jinkirin girma: takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu. Yana daga cikin dalilan da suka sa maganin tarin fuka ke ɗaukar aƙalla wata 6.

A ɗaya gefen akwai Mycoplasma, wadda ba ta da bango sam. Wani nau'inta ne ke kawo ciwon huhun shanu da makiyayanmu suka sani sarai, wanda ake haɗa allurar rigakafinsa a LANAVET, labon dabbobi na ƙasa da ke Garwa. Koma tambaya ta 8 ka tambayi kanka ko fenisilin zai yi mata wani abu.

11. Mene ne kafsul, kuma me ya haɗa shi da sanƙarau?

Wasu bakteriya suna da riga mai yauƙi a bayan bango, yawanci ta sukari, kamar an tsoma su a miyar kuɓewa. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, aikinsu su cafke baƙo su haɗiye, amma mai kafsul sulɓe musu take yi. Neisseria meningitidis mai sa sanƙarau tana da shi, haka ma Streptococcus pneumoniae mai sa ciwon huhu.

Da irin sukarin kafsul ake raba ƙwayar sanƙarau zuwa rukunoni, kuma shida ne suka fi kawo cuta: A, B, C, W, X da Y. Arewacin Kamaru da Chadi suna cikin zirin ƙasashen da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi lokacin rani da ƙurar hunturu. Shekara da shekaru rukunin A ne ke yin ɓarna. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a ƙasashen biyu a 2011, da sukarin kafsul ɗin A aka haɗa ta, don jiki ya koyi gane rigar tun kafin mai rigar ta zo. Annobar A ta ja baya ƙwarai, amma allurar ba ta kare mutum daga C ko W, don rigarsu daban ce.

12. Yaya bakteriya ke tafiya, kuma yaya take manne wa jiki?

Da filajela take tafiya, wani dogon zare da ke juyawa kamar farfelar injin kwalekwalen da ke ratsa kogin Logon. Vibrio cholerae, ƙwayar kwalara, guda ɗaya gare ta a ƙarshen jiki, amma gudunta a ɗigon ruwa abin kallo ne. Da shi take ratsa majinar hanji ta isa bango, ta manne, ta saki gubar da ke sa hanji zubar da ruwa da gishiri. Waɗanda suka ga annobar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru sun san saurin da take ƙarar da mutum. Abin da ke kisa rashin ruwa ne, shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke gaba da kowane magani.

Mannewa kuwa aikin wasu gajerun gashi ne masu yawa, fimbiriya. Da su E. coli ke riƙe bangon mafitsara fitsari bai wanke ta ba. Akwai kuma wani gashi na musamman mai haɗa bakteriya biyu, bayaninsa na tafe.

13. Me ke cikin bakteriya, kuma ta yaya take koyon ƙin jin magani?

A ciki akwai kundin gado, galibi zare ɗaya mai zagaye a dunƙule, da dubban raibosom. Raibosom ɗin bakteriya ana kiransa 70S, namu 80S, kuma wannan ɗan bambanci ne magunguna irin su tetirasaikilin, jentamaisin da eritiromaisin ke bi su toshe nata. Bayan babban kundi, da yawa suna da ƙananan zobba na DNA da ake kira filasmid. Ɗauke su kamar laya a aljihu: ba dole ba ne don rayuwa, amma a ciki ake yawan samun umarnin ƙera abin da ke karya magani.

Bakteriya ba ta koyo kamar yadda yaro ke koyo. Cikin miliyoyi akan samu 'yan kaɗan da canji ya faɗa wa kundinsu ko suke da filasmid mai kariya. Idan aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, ko aka sha inda babu buƙata, masu rauni su mutu, masu kariya su samu fili su cika shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne suna miƙa wa juna filasmid ta wannan gashi da na ambata a tambaya ta 12, har tsakanin nau'o'in da ba dangi ba. Maganin da ake ɗura wa kaji da shanu barkatai ma cikin lissafin yake.

14. Tafasa ruwa na kashe komai?

Don ruwan sha, tafasawa ta wadatar: tana kashe ƙwayoyin kwalara, taifot, bairos da furotozuwa. Don kayan tiyata ko na karɓar haihuwa, ba ta wadatar ba. Dangin Bacillus da Clostridium, idan wuya ta yi wuya, sukan naɗe kundin gadonsu cikin ƙwanso mai tauri su kwanta kamar matattu. Ana kiran wannan sifo. Yana jure fari, rana da tafasa, yana iya shekaru cikin ƙasa. Haka ƙwayar tetanus, ciwon sarƙe haƙora, ke zama cikin turɓaya da kashin dabbobi har ta samu rauni mai zurfi ko cibiyar jaririn da aka yanke da reza marar tsabta. Haka ma ƙwayar antaraks, cutar dabbobi mai kama mutane, ke zama a makiyayar da dabba ta mutu da ita.

Abin da ke kashe sifo shi ne otokilaf, tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Lura kuma: sifo ba hanyar haihuwa ba ce. Ƙwaya ɗaya sifo ɗaya take yi, shi kuma ya farka ya zama ƙwaya ɗaya. Ana yawan faɗuwa wannan a jarrabawa.

15. Yaya suke hayayyafa har abinci ya lalace cikin dare ɗaya?

Rabuwa biyu suke yi. Ƙwaya ta kwafi kundinta, ta yi tsawo, ta tsinke a tsakiya. Idan E. coli ta samu abinci da ɗumi yadda take so, kowane minti 20 takan ninka. Yi lissafi: awa 7 ninki 21 ke nan, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 2. Masu sa mana cuta sun fi son zafin jikin mutum, digiri 37, wanda a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu inuwa ma takan wuce shi. Miyar da aka bari a buɗe tun azahar ba ta buƙatar kwana kafin ta juya. Firji ba ya kashe su, rage musu sauri kawai yake yi. Gishiri da shanya kuwa ruwa suke janyewa, dabarar da ke bayan kilishi da bandar kifi ke nan.

16. Dihe da ake sayarwa a kasuwannin Chadi tsiro ne ko bakteriya?

Bakteriya ce, kuma wannan amsa takan ba ɗalibai mamaki. Koren gayan nan da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Kanem da gefen Tafkin Chadi, su shanya a kan rairayi su yi miya da shi, ita ce duniya ta sani da sifirulina. Sunanta na kimiyya Arthrospira, daga rukunin sayanobakteriya. Tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye, shi ya sa tsofaffin littattafai suka jera ta cikin gansakuka, amma ba ta da nukiliyas, ke nan furokariyot ce bisa ma'aunin tambaya ta 4. Ruwan kanwar da ke hana yawancin halittu rayuwa shi ne ya bar mata fili, kuma fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne.

Idan kun samu gaya ɗaya, ku jiƙa ɗan ɓarɓashi a ruwa, ku ɗiga a gilashi ku sa a mikroskof. Ba sai da rini ba, ba sai da mai ba. A ninki 100 ma za ku ga zaruruwa kore-kore, wasu a murɗe, wasu sun kakkarye wajen shanya.